Godiya ga masu gyaran kwamfuta na Farm Centre da suka ceto mana karatun tafsiri

Zuwa ga maigida da yaran shagon gyaran kwamfuta da na kai wa katin memorina a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kasuwa na albarka, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, domin alherin da kuka yi bai tsaya a kaina ba. Ni ne wanda jama'ar masallacin unguwarmu suka ɗora wa ɗaukar bidiyon tafsirin watan azumi, kuma karatun bana gaba ɗaya yana cikin kati guda mai 64GB. Bayan sallah na saka shi a kwamfuta, sai ta ce ba za ta buɗe shi ba sai an yi masa fomatin, wato a share abin da ke ciki a sake tsara shi.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne, maigida, ba ka yi gaggawar danna komai ba. Ka fara tura ɗan makullin da ke gefen katin ƙasa don kada kwamfuta ta rubuta wani abu a kai. Sannan ka yi min bayani cewa sau da yawa karatun yana nan daram, jadawalin da ke nuna wa kwamfuta inda kowane fayil yake ne ya lalace. Kuka sa manhajar PhotoRec ta bi katin daga farko har ƙarshe, kuna sauke abin da ta samo a wani faifai daban, ba a kan katin ba.

Wannan manhaja ba ta dawo da sunayen fayil, lambobi kawai take ba su. Nan ne ƙaramin yaronku ya yi abin da ba zan manta ba. Ya zauna da ni muna buɗe bidiyo ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron ayar da alaramma ya ja, yana rubuta sunan sura, har muka jera su yadda aka karanta. Ba wanda ya sa shi, kuma ga masu sayayya na jira. Zama guda bai dawo cikakke ba, kuka faɗa min hakan kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba. Wannan gaskiyar ta ƙara muku daraja a idona.

Sai da muka tabbatar komai ya sauka kafin aka zo kan fomatin ɗin, kuma ba ku juya min baya kun yi shi a ɓoye ba. Kun ba ni linzamin kwamfutar na yi da hannuna. Kun ce in duba harafin da Windows ta bai wa katin da girmansa sau biyu, don kada in goge wani faifan da ba shi ba. Kun nuna min cewa kati mai 4GB zuwa 32GB da tsarin ajiyar fayil na FAT32 yake zuwa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, shi ya sa tsohuwar kyamarata ke yanyanka dogon karatu. Wanda ya haura 32GB kuwa exFAT ne nasa. Tsarin NTFS kuwa kuka ce in bar wa faifan cikin kwamfuta, kyamarori ba sa karanta shi.

Bambancin fomatin na gaggawa da cikakke ma a wurinku na fahimce shi. Na gaggawa jadawali kawai yake sabuntawa, don haka ana iya tono abin da ke ƙasa. Cikakken kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin katin yana rubuta sifili a ko'ina, abin da ya tafi ya tafi ke nan. Ina roƙon duk mai niyyar sayar da tsohon kati ko bayar da shi kyauta ya riƙe wannan, musamman idan hotunan iyali sun taɓa zama a ciki. Daga nan kuka gwada katin da manhajar H2testw don tabbatar da girmansa na gaskiya ne, kuka ce in sake yi masa fomatin a cikin kyamarar kanta kafin ɗauka, kuma kada in zare shi daga kwamfuta sai na sallame shi ta hanyar da Windows ta tanada.

Mai neman kuɗi kawai ba zai koyar da wannan ba, tunda da shi yake ci. Ku kun koyar, kuma ladan aikin da kuka karɓa bai kai rabin wahalarku ba.

Yanzu karatun yana hannun dattawa da matan unguwa waɗanda ba su samu halartar masallaci ba, suna saurare a wayoyinsu. Liman da kwamitin masallaci sun ce in isar muku da gaisuwa. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya jiƙan magabatanku, Ya raya wannan yaro Ya ba shi ilimi mai amfani.

Wassalam.

Naku,
Mai ɗaukar karatun tafsiri, daga cikin birnin Kano