A ba Lale Andersen haƙƙinta a kan waƙar Lili Marleen

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na makon jiya kan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya yi armashi, sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mai gabatarwa ya saka waƙar Lili Marleen ya ce ta Marlene Dietrich ce, wato fitacciyar 'yar fim kuma mawaƙiyar nan haifaffiyar Jamus, ko sunan matar da ta fara rera ta bai ambata ba. Wannan mata ita ce Lale Andersen, kuma ta ɗanɗana kuɗarta a hannun mahukuntan ƙasarta.

An haife ta a 1905 a Lehe, garin bakin teku a arewacin Jamus. Sana'arta waƙa a gidajen shaƙatawa na dare a Munich da Berlin, irin ƙananan ɗakunan da mawaƙiya ke tsayawa gefen mai piyano, jama'a na zaune a tebura dab da ita. Hans Leip ne ya rubuta baitocin a 1915 yana soja, Norbert Schultze ya sa musu kiɗa a 1938, ita kuma ta rera a faifai a 1939. Faifan bai yi kasuwa ba, wajen guda 700 kawai aka sayar.

Sai a 1941 gidan rediyon sojojin Jamus da ke Belgrade, da yake yana fama da ƙarancin faya-fayai, ya fara saka shi. Wasiƙun sojoji suka yi ta kwarara, har aka mayar da waƙar ta rufe shiri kullum, ƙarfe goma saura minti biyar na dare. A hamadar Libiya, sojan Rommel, kwamandan Jamus, na kasa kunne a ramin ɓuyarsa, sojan Ingila da suka wuni suna harbin juna shi ma ya murɗo tashar. Me waƙar ta ƙunsa? Wani soja ne ke tuna fitilar ƙofar bariki inda yake tsayawa da masoyiyarsa. Shi ke nan. Babu kirari, babu zuga, kuma a ganina abin da ya sa ta shiga zuciyar kowa ke nan.

Abin da ya ƙona ran Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ke nan kuma, don yana ganin waƙar tana sanyaya jikin mayaƙa. Da aka kama wasiƙun da Lale ke aika wa Rolf Liebermann, Bayahude mai tsara kiɗa da ta sani a Zurich, sai aka hana ta waƙa a 1942. Duniya ta yi mata zafi har ta yi yunƙurin kashe kanta. Da aka sassauta mata daga baya, an gindaya mata sharaɗin kada ta rera Lili Marleen. Muryarta na yawo daga fagen fama zuwa fagen fama, ita kuwa an rufe mata baki a gida.

Ban raina Dietrich ba. Ta juya wa mulkin Nazi baya, ta rera waƙar ga sojojin Amurka a 1944. Amma ta tarar da ita ta riga ta yi suna.

Lale ta koma sana'arta bayan yaƙi, ta wakilci Jamus a gasar waƙa ta Eurovision ta 1961, ta rasu a Vienna a 1972, aka binne ta a tsibirin Langeoog.

Ina roƙon ku gyara wannan a shiri na gaba, ku nemo faifan 1939 ku saka mana, ku faɗi sunanta kafin ya fara juyawa.

Na gode. Mai sauraronku daga Zariya.