Baikon coci da 'yan gudun hijirar Sakkwato

Malam Edita, barka da aiki.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Katolika na Sakkwato. A koyarwar cocinmu, ibada da taimakon talaka tafe suke tare. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya yi rubutu kan haƙƙin leburori da albashin da zai riƙe iyali, kuma a 2017 Fafaroma Francis ya fara Ranar Matalauta ta Duniya, wadda ake yi duk watan Nuwamba. Duk shekara, a Alhamis ta ƙarshe kafin Ista ma, limamin coci kan durƙusa ya wanke ƙafafun mutane, koyi da Yesu Almasihu.

To, amma ina tasirin wannan a titunanmu? Matan da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni suna nan cikin gari da 'ya'yansu, wasu a kangon gini suke kwana, bara ce abincinsu. Yawancinsu Musulmi ne, kuma hakan bai rage komai daga haƙƙinsu a kanmu ba.

Bishop ɗinmu na Sakkwato, Matthew Kukah, ya sha yin magana kan rashin adalci, kowa ya sani. Sai dai nauyin bai tsaya kansa shi kaɗai ba. Shawarata ita ce kowace majami'a, tun daga babban cocin Holy Family, ta ware baikon Lahadi ɗaya a wata, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa a coci, don sayen gero da magani, a kuma karanta lissafin kuɗin a gaban jama'a bayan an tashi addu'a.

Naku,
Wani mai karatu daga Sakkwato