Wasiƙa Ga Ɗana Da Birni Ya Kwanta Masa A Rai

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta ba ni labarin hirar da kuka yi ta waya. Ta ce sai da ka yi ta kwana-kwana kafin ka iya faɗa mata cewa birnin nan ya shiga ranka, kewarmu ta ragu, har kana ganin kamar ka yi mana laifi. To, ka kwantar da hankalinka. Ba ka yi wa kowa laifi ba, ni kam daɗi na ji.

Na san masu cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma na san za su faɗa maka. Amma ka tuna abin da ya faru bayan Hijira a shekarar 622. Sahabbai sun isa Madina, zazzaɓi ya kwantar da Abubakar da Bilal, Bilal yana ta begen Makka. Da Nana A'isha ta kai labari, Manzon Allah (SAW) sai ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ka ga ashe son sabon gari abin roƙo ne. Bayan an buɗe Makka a 630, Madina ya koma, can ya zauna har wafati, son Makka kuma bai fita daga zuciyarsa ba.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 1950 kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane. Zuwa 2018 sun kai kashi 55. Aiki ne ke jan su, da makaranta, da asibiti a kusa. Akwai kuma wani abin da matasa ba sa faɗa wa iyayensu, amma na san shi: a birni ba wanda ya san ɗan wane ne kai, ba mai ƙirga shigarka da fitarka. Ka sha iskar wannan 'yanci, ban hana ka ba.

Abin da ke damuna shi ne, mutanen da ba sa sa maka ido ɗin nan, su ne kuma ba za su lura ba ranar da ka kwanta ciwo. Ka tambayi kanka: in ƙofarka ta kwana uku a kulle, wa zai ƙwanƙwasa? In ba ka da amsa, to ɗakin haya kawai kake da shi, ba ka yi gida ba tukuna, ko da ka shimfiɗa kafet ka rataye labule.

Don haka ka fara daga bakin ƙofarka. Mai gadin da ke buɗe maka ƙofa in ka yi dare, ka san sunansa, ka san ko yana da iyali. Tsohon da kuke haɗuwa da shi a kan matakala yana haki da kaya a hannu, ka karɓa masa, ka raka shi har ƙofarsa. In ka ji kukan jariri sabon haihuwa a maƙwabta, ka je ka yi barka. In rasuwa aka yi, ka je ka zauna ko da ba ka san mamacin ba. Da farko za su yi maka kallon mamaki, don mutanen birni sun saba da tsoron juna, kuma suna da dalili. Kada ka fasa. Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, ba a kuwa ware maƙwabcin haya ba.

Abokai kuwa, birni ba ya rowarsu, sai dai yawancinsu na lokacin albashi ne. Ka lura da wanda ya neme ka a ƙarshen wata aljihu ba komai, ka riƙe shi.

Game da mu, ba na son kuɗin da kake turowa su zama madadinka. Allah ya yi albarka, suna amfani, amma mahaifiyarka muryarka take jira, ba saƙon banki ba. Ka ware rana guda a mako ka kira ta, ka bar ta ta yi ta zuba ko da labarin da ka riga ka ji ne. In ka samu hutu ka zo, zumunci a ƙafa yake. In ka zo kuma, kada ka riƙa yamutsa fuska kana kwatanta komai da na can. Ƙannenka suna kallonka.

Ka rubuto mini cikakken adireshinka da lambar wani maƙwabcinka da ka yarda da shi, in ajiye saboda halin yau da gobe. Ina so in zo in ga inda kake zaune, in gaisa da mutanen da kake tare da su.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka