Masu Sayar Da Gida, Fenti Fa Ba Ya Tare Yoyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridar nan in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni kafinta ne, aikin rufi da silin nake yi a nan Kano, kuma duk shekara da zarar ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai waya ta fara ƙara, masu son sayar da gida ne, kusan duk bakinsu ɗaya, wai Malam zo ka ɗan duba min silin ɗin kicin dillali zai kawo mutane ranar Asabar amma don Allah kar ka kashe min kuɗi. To neman sauƙi ba laifi ba ne, kowa ya san yadda kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. Inda nake da ja shi ne abin da suke nufi da sauƙin, wato a samo yaro da bokitin fentin ruwa ya shafe inda ya yi baƙi, shi ke nan an gama.

Wannan ba gyara ba ne, kuma wallahi ko arahar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Tabon ruwa idan ka shafa masa fentin ruwa kai tsaye, ba sai an yi ruwan sama ba, cikin ƴan kwanaki zai sake ɓullowa ruwan ɗorawa-ɗorawa ta cikin sabon fentin, ka ƙara shafawa ya ƙara fitowa, kuɗin da kake gudu ka kashe shi a bokiti.

Gyaran silin daga saman rufi yake farawa. Kuma akwai dalilin da ya sa kicin ya fi ko'ina shan wahala a gidajenmu. Yawanci a baya ake maƙala shi, wani ma sai bayan an tare ake ƙara shi, a jingina kwanonsa da bangon babban gini, to wannan mahaɗar ta kwano da bango nan ne ruwa yake bi idan simintin da aka toshe da shi ya tsage. Wani gidan kuma tankin ruwa a saman kicin ɗin yake, abin da yake tsayar da ruwa idan tanki ya cika ya lalace, kullum aka kawo wuta aka kunna sumo, wato injin tura ruwa, sai ya yi ambaliya, mai gida yana ta zagin damina alhali aikin falamba ne. Ga gidajen da aka zagaye kwanonsu da bango don ado, magudanar ta toshe da leda da ganyen darbejiya, ruwan Agusta ya taru ya rasa hanya sai ya koma ciki. Sai kuma ƙusoshi da suka yi tsatsa raminsu ya buɗe. Ka haɗa duk wannan da tururin girki da hayaƙi da maiƙo daga ƙasa.

Mutane suna cewa ai yanzu rani ne ta yaya za a gane inda yake zuba. Ana ganewa mana. A fara kashe wutar gidan gaba ɗaya, don wayoyin fitila ta cikin silin suke bi kuma jiƙaƙƙen wuri da waya ba a wasa da su. Sai a buɗe allo ɗaya a leƙa da rana tsaka, duk hudar da take jikin kwano za ka ga haske yana shigowa ta nan. In ba a gani ba wani ya hau sama da bokiti yana zuba ruwa sannu a hankali daga ƙasa yana yin sama, kai kuma kana ciki da tocila. Kar a yarda da tabon, ruwa yana bin jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, sau da yawa tabo yana kan murhu hudar kuma tana can jikin bango.

Idan an gano, galibi abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. A canza ƙusoshin da masu roba, a liƙe ƙananan huda da filas ban, wato tef ɗin liƙe kwano, ko kwalta, a share magudana, birkila ya sake toshe mahaɗar bangon, in ta kama a canza fallen kwano ɗaya ko biyu. Daga nan a bar silin a buɗe ya sha iska, hunturu zai busar maka da shi kyauta. A caka sukudireba a jikin katakon tu-bai-tu ɗin da yake riƙe da allunan, in ta shige ya ruɓe a cire wannan guntun kawai, sauran a shafa musu maganin gara don gara tana son katako mai danshi.

Shi kansa silin ɗin ya danganta da irinsa. Tsohon allon nan na asbestos da yake cike da gidajen da aka gina shekarun baya, a ɓalle katakon da ya rufe bakinsa a sauke allon ɗungurungum, kar a yanka shi da zarto kar a goge shi da samfefa, ƙurarsa tana illata huhu har kansa tana jawowa, a yayyafa masa ruwa a rufe hanci kafin a taɓa. Yaranmu da yawa ba su san wannan ba, ina ganin yadda suke farfasa shi da guduma ƙura tana tashi a kansu abin yana damuna. POP kuma, wato silin filasta da ake zubawa, in ya sha ruwa ya yi laushi ko ya fara ciki, babu batun fenti, a yanke wurin a sake zubawa, nauyi ne da shi kuma matar gida a ƙarƙashinsa take tsayuwa safe da yamma. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabon salon da ake yi na a kawo silin roba na PVC a buga a kan ruɓaɓɓen, ya yi ƙyalli, shi ba ya nuna tabo, ruwa yana taruwa a samansa katako yana ci gaba da ruɓewa babu wanda ya sani sai ranar da ya rufto. Kuma saitin murhu zafi yana lanƙwasa shi.

In allon lafiyarsa ƙalau tabo ne kawai, a wanke maiƙon da omo, funfunar a goge ta da bilic da aka sirka da ruwa a buɗe taga, ya bushe sosai, a fara shafa fentin mai a kan tabon shi ne yake danne shi, sannan a bi silin ɗin kicin gaba ɗaya da fentin ruwa don kala ta zama ɗaya.

Yanzu ga inda wasu za su ji haushina. Ko ka gyara tsaf, ka gaya wa mai saye cewa wurin nan ya taɓa yoyo ga abin da aka yi masa. Ni ba malami ba ne amma tun muna makarantar allo muke jin hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Manzon Allah (SAW) ya ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ruwan sama ne fa a can ma. Kuma malamai sun yi bayani cewa wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da haƙƙi a kan mai sayarwa idan ya gano, to me ya kai ka gaban alƙali a kan kuɗin fallen kwano biyu? Ni abin da nake gaya wa masu kirana, ku ɗauki hoto a waya kafin aiki da lokacin da silin yake buɗe da bayan an gama, ku nuna wa mai saye, hankalinsa ya fi kwanciya da gidan da ya ga cikinsa.

Dillalai ku ma ku ji tsoron Allah, da yawanku ku ne kuke ba da shawarar a shafe kawai don la'ada ta fito da wuri, gobe in rigima ta tashi wayarku a kashe.

Masu saye kuma, tunda yawancin cinikin gida da rani ake yi, in kun shiga kun ga kicin ne kaɗai yake warin sabon fenti sauran ɗakuna da tsohon fentinsu, ku ce a kawo tsani a buɗe muku allo ɗaya, sannan kafin ku biya ku ɗan tsaya ku gaisa da maƙwabcin da katangarsa take jikin kicin ɗin ku tambaye shi yadda gidan yake a watan Agusta.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani kafinta mai karanta jaridarku,
daga Kurna, Kano.