Amsa ga Baba Alhaji kan tafiyar ɗalibanmu zuwa Cape Coast

Assalamu alaikum Baba Alhaji. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron iyaye da malamai, ka miƙe ka karɓi lasifika ka fuskance ni. Ka ce: "Malama, karatu muka kawo yaran nan ko yawon buɗe ido? Gwamnati ta ce makaranta kyauta ce, ku kuma kun aiko da takarda kuna neman kuɗin mota zuwa Cape Coast. In wani abu ya same su a hanya, wa zai biya mu 'ya'yanmu?" Kafin in buɗe baki aka kira azahar, shugaban taro ya rufe zama. Na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai lokacin da kake magana, musamman ɓangaren iyaye mata, shi ya sa ban zo zaurenka na ba ka amsa mu biyu kaɗai ba. A gabanka na girma a unguwar Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana, sahu ɗaya kuke tsayawa da marigayi babana, don haka ka karanta wannan a matsayin maganar 'ya ga ubanta.

Tsoron da ka ambata ba na raina shi, nima ina da shi. Ina cikin aikin koyarwa a watan Maris na 2017 lokacin da wata ƙatuwar bishiya ta faɗo kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo ana tsakiyar iska da ruwan sama. Kusan mutum ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare ne da suka je irin wannan tafiya. A wancan makon babu malamin da ya yi barci mai daɗi a ƙasar nan. Wa zai biya ka 'yarka? Babu. Ba ni da wannan amsar, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita ƙarya yake. Abin da ke hannunmu shi ne ɗaure raƙumi kafin tawakkali: ba ma tashi sai ofishin ilimi ya sa hannu, ba ma tafiyar dare, ba yaron da zai sa ƙafa a teku ko kogi, kuma malamai mata ne ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan mata.

Amma kafin in kare tafiyar, bari in nuna maka ranar 'yarka a makaranta, don na lura iyaye da yawa ba sa ganin komai sai takardar sakamako. Ƙarfe huɗu da rabi ake buga ƙararrawa. Ta ɗauki bokiti ta bi layin famfo, ta yi wanka da ruwan sanyi, ta yi asuba, ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da aka yanka mata tun shigarta aji ɗaya. Daga nan sai aji. Koko da burodi da hantsi, darasi har bayan ƙarfe uku, da daddare kuma karatun firef har idanu su yi ja. In abincin ɗakin cin abinci bai kai mata ko'ina ba, ta buɗe akwatin katakonta ta jiƙa garin rogo da sukari da gyaɗa, ko ta lakato shito, soyayyen yajin da mamanta ta yi mata. 'Yan jeka-ka-dawo kuma nasu ya fi wuya. Akwai yarinyar da sai ta gama taya uwarta ɗora tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, kafin ta shiga kokawar trotro, motar haya, ta iso aji da ƙanshin hayaƙi a mayafinta. Tun da aka fara sakandare kyauta a watan Satumba na 2017 yara suka yi ta kwararowa, har a 2018 aka raba su kashi biyu suna shiga bi da bi. Alheri ne babba ga zango, amma aji ya cika maƙil, kuma malami ɗaya ba ya iya duba idon kowa. Shekara uku yarinya tana zagaye tsakanin ɗakin kwana da aji da famfo, tana haddace sunayen wuraren da ba ta taɓa gani ba don ta amayar da su a jarrabawar gama sakandare ta WASSCE.

Shekarun baya mun kai 'yan ajin tarihi Salaga, kuma wannan tafiyar ce ta sa na daina ɗaukar irin wannan fita a matsayin hutu. Mun bi ta Mampong da Ejura da Atebubu, muka tsallake ruwan Volta a jirgin fito daga Yeji zuwa Makango. A duk garin da muka tsaya yin salla ko sayen ruwa, Hausa muke ji. A mota na tambaye su ma'anar kalmar zango, babu wanda ya sani face unguwar da aka haife shi. Na ce musu zango wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana ne, kuma kakanninmu sun taho daga Kano da Katsina da Borno da jakuna, madugu yana gaba, suna neman goron Gwanja, goron da ake kawowa Salaga daga dazukan Asante. Na ba su labarin Alhaji Umaru, malamin Kano da ya zauna a Salaga, wanda bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi, ya karantar a can har rasuwarsa a 1934. Na ce watsewar Salaga na cikin abin da ya cika zangunanmu da mutane. Duk suna ji, amma irin jin da ake yi wa malama.

Sai mai yi mana jagora ya kai mu wajen tsofaffin rijiyoyi, ya nuna wani wuri ya ce nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, kuma sunan wurin Wankan Bayi. Akwai wata yarinya daga Asawase, mahaifiyarta koko da ƙosai take sayarwa. Tsawon shekara guda a ajina ban taɓa jin muryarta ba sai in ana kiran suna. Ta matso ta kama gefen mayafina, ta ce a hankali: "Malama, me ya sa sunan da Hausa yake?" Na tsaya. Na ce mata saboda Hausa ce harshen kasuwar, kuma cikin fataken da suka zo sayen goro akwai waɗanda suka sayi mutane suka sayar. Ta daɗe tana kallon ramin. Ba ta ci abincin rana ba.

Da muka dawo Kumasi ta zaunar da kakarta dare uku tana tambayarta daga ina suka fito, ta cika littafi guda da rubutu ta kawo mini ba tare da na sa ta ba. Daga baya ta shiga ƙungiyar muhawara, ta tsaya a gaban ɗaruruwan ɗalibai ta yi magana ba ta rawar murya. Ta fita da A1 a tarihi, yanzu tana jami'a. Ba zan ce tafiya ce kaɗai ta yi wannan ba, yarinyar da ma tana da kai, kuma uwarta tsayayya ce. Amma na san ranar da ta gane cewa littafin da muke karantawa maganar gidansu yake yi, domin ina tsaye kusa da ita.

Ka tambaya ko karatu ne. Baba, haka nake ganin sauran abubuwan da iyaye ke kira wasa. Gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda aka fara a 1993, duk Kumasi kan tsaya cak in ana yin ta, kuma Prempeh College ta ɗauko kofin sau biyar, na baya a 2021. Mu ba mu kai can ba tukuna. Amma yaranmu uku da ke shirin gasar suna zama a ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, suna warware lissafi da agogo a gabansu, kuma 'yan aji ɗaya na leƙowa ta taga suna ganin ɗan zango ne ke riƙe da alli. Haka ranar gasar guje-guje a filin wasa na Baba Yara. Akwai yaron da ya kusa barin makaranta ya koma gareji, abin da ya riƙe shi shi ne an ce ba zai yi gudu da rigar makaranta ba sai ya daina fashin aji. Ya daina.

Batun kuɗi kuwa, ka yi gaskiya rabi. Kyautar gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta da na kwana da abinci da littattafai, ba ta haɗa da hayar mota ba. Na san yadda kasuwa take a Kejetia bana, na san akwai gidan da wannan kuɗin cefanen kwana da kwanaki ne. Shi ya sa tafiyar ba dole ba ce, kuma ba za a rage wa kowa maki don bai je ba. Abin da ke damuna shi ne in aka bar shi haka, 'ya'yan masu hali ne za su cika motar. Mun yi magana da tsofaffin ɗalibai, wasu sun ɗauki nauyin kujeru, kuma ba za mu karanta sunan wanda aka biya wa a gaban aji ba. Uwar da abin ya yi mata nauyi ta same ni ni kaɗai.

Ga abin da za su gani. Za mu tashi bayan asuba, mu tsaya a Assin Manso, bakin rafin da bayin da aka koro da ƙafa daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓar teku. Daga nan sai Cape Coast a gaɓar teku, su shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare bayi a da, su tsaya a ƙofar da in an fita ba a dawowa, su ga sansanin Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Washegari Kakum, inda 'yan kimiyya za su ga dajin da suke zanawa a takarda, daga kan gadar igiya sama da mita 30 daga ƙasa. Wanda ya ji tsoron hawa ba za a tilasta shi ba. Sallolinmu za mu yi su ƙasaru a hanya, kuma mun shirya inda za a dafa mana abincin halal.

'Yarka ce ta fara rubuta sunanta a takardar, da daddare kuma ta dawo ta ce in goge, wai kada ranka ya ɓaci. Ban goge ba, na ce ta bari in yi magana da kai. Hukunci naka ne, kuma duk abin da ka yanke ba zan canza mata fuska ba. Sai dai ina da roƙo ɗaya. Muna neman iyaye biyu da za su raka mu, an samu mace, saura namiji. Ka zo ka duba tayoyin motar da idonka, ka yi wa direba tambayar da kake so, ka ja mana salla a hanya. Kai da ka yi shekaru kana cinikin goro, akwai abin da za ka faɗa wa yaran nan a Assin Manso wanda ni ban san shi ba. Ranar Juma'a ake rufe karɓar takardu, kuma na ajiye kujerar da ke bayan direba ban ba kowa ba.

Wassalam,
'Yarka, malamar tarihi, Kumasi