Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Mubi Kan Gonakinmu na Bakin Iyakar Kamaru

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Mubi,
ta hannun Hakimi da jaurorinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nasara. Mu talakawanka ne, manoma da masu kiwo na garuruwan kan dutse da ke bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu. Muna gaisuwa da ladabi, muna kuma neman afuwa idan harshenmu ya yi kaifi, tura ce ta kai bango.

Makon jiya, ana tsaka da kwasar amfani, wasu masu kaki daga tsallake suka tare hanyar da ke gangarowa daga gonakin bayan dutse. Suka sauke buhunan masara daga kan babura, suka kwance shanu daga amalanke, wai kayan ƙasarsu ake fitarwa ba takarda. Tarar da suka yanka da sefa suka yanka, kuma ba rasit. Wanda ba shi da sefa, sansa ya bari jingina. Tun ranar mata da yara ba su sake hawa ba. Ranka ya daɗe, gyaɗa na can an tuge ta an kife. In ta wuce kwanakinta a ƙasa gara ce za ta shige ta, in kuma ruwan ƙarshe ya same ta sai ta yi baƙi ta tsiro, ba mai saye a kasuwar Mubi. Dawa ta nuna, tsuntsaye da birai ke girbinta. Nan gaba kaɗan makiyaya za su saki shanu cikin kara kamar kowace kaka, su tarar da amfani a tsaye, wata fitinar ta tashi a kan wannan.

Mai Martaba ya fi mu sanin asalin maganar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layin a takarda, suka tabbatar da shi a 1931, kuma a yankinmu tsaunin da ruwan sama ke rabuwa a kansa ya bi: wani ya gangara gabas, wani yamma. Manomi kuwa inda ƙasa ke da kyau yake bi. Shi ya sa gida na wannan gefe, gonar gado da rijiya, wani wurin har maƙabarta, suna wancan. A 1961 iyayenmu suka zaɓi Najeriya da ƙuri'arsu. A ranar 10 ga Oktoba, 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci kan iyakar Najeriya da Kamaru, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka shiga kafa turakun siminti. Ba mu tumɓuke turke ko ɗaya ba, ba kuma za mu tumɓuke ba. Amma kotun nan da kanta, da ta zo kan garin Kwaja, ta ce ba ta da ikon sauya layi don gari ya bazu ya ƙetare shi, sai dai ƙasashen biyu su nemo mafita da za ta kiyaye haƙƙin mazauna wurin. An aiwatar da rabin maganar, wato simintin. Ina sauran rabin?

Ga inda gizo ke saƙar. Gonar gado shaidarta jauro da maƙwabta, ba takarda, kuma a dokar filaye ta Kamaru ta 1974 filin da ba shi da takardar mallaka yana ƙarƙashin ikon hukuma. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka sassaucin shige da fice na ƙasashen ƙungiyar ba ya aiki a nan. Turakun ma ba a hango ɗaya daga ɗaya saboda duwatsu da ciyawa, sai mai bindiga ya nuna inda ya ga dama ya ce nan ne layi. Buhun da mutum ya noma da guminsa, a can an ce fitarwa ne, a shingen namu gefen kuma wani lokaci a ce fasa-ƙwauri ne.

Mun kai kuka ofisoshi, an zo an zauna ƙarƙashin bishiya, an rubuta sunaye, an ɗauki hoto. Wasu da suka sa hannu a takardun farko har sun riga mu gidan gaskiya.

Muna roƙon Mai Martaba, don Allah, ya aika wa sarakunan tsallake, tunda akwai zumunci da auratayya, a sako shanun nan da buhuna, a buɗe hanya kafin amfani ya lalace. Muna roƙon ya isar da kukanmu ga Gwamna da Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, a ƙidaya gonakin da layi ya raba ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai ita da girmanta, jaurorin ɓangarorin biyu su shaida. A ba kowane manomi kati da hukumomin biyu suka amince da shi, wanda zai wuce da taki da garma da shanu, ya dawo da amfaninsa ba tara. In akwai harajin da za a biya, a faɗe shi a fili, sau ɗaya a shekara, da rasit. A share tsakanin turaku a nuna wa jama'a layin da rana tsaka. A bar rijiya da burtali da maƙabarta a buɗe ga kowa.

Sannan shanun, ranka ya daɗe. Manomin da aka riƙe masa sa bana ba zai yi huɗa baɗi ba. Samarinmu mun riƙe su da sunan Sarki, muna ce musu amsa na zuwa, kada su hau dutse da fushi. A taimaka mana da abin da za mu gaya musu kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Sarki imani, ya ja kwana.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, manoma da makiyayan garuruwan bakin iyaka, Mubi ta Kudu.