A riƙa lissafawa da tumaki idan ana maganar ruwan noman rani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina sauraron shirinku na manoma, kuma duk lokacin da aka tashi zancen ƙarancin ruwa a gonakin rani na Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi, albasa da zogale da tumatir kawai ake ƙirgawa. Ba wanda ke tuna tunkiya.

Ai daga Maris zuwa saukar damina daji ba ya da komai sai ƙura, inda kuma ɗan kore ya rage, garmani ya cinye wurin, shi kuwa dabba ba ta kula shi. Abin da ke riƙe tumakinmu a wannan tsakani shi ne ciyawar bakin lambatu, da ganyen dankali, da harawar waken rani, da abin da aka cire wajen noma. Duk ruwan ban ruwa ne ke fito da su. Tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya gulbi ya rage malala cikin fadama, aka koma dogara da rijiyoyi da injin. Ran da wuta ta ɗauke ko mai ya yi tsada, mai lambu kayan sayarwa zai fara shayarwa, kuma ban ga laifinsa ba. Ciyawa ce ke fara bushewa. Wadda aka yanka ba ta sake tohowa, in kuma aka saki dabbobi a kanta tana cikin ƙishi, har saiwa suke tumɓukewa.

Tunkiya wata 5 take ɗaukar ciki, kuma a makonni 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma a cikinta. In yunwa ta same ta a nan, sai ta haifi ɗa ƙarami, nono ya ƙi zuwa, ɗan ya mutu ko ya tashi a tsumbure. Balami, irin tumakin nan da muke alfahari da shi, babban jiki gare shi, ba ya jure rabin ciki. Mai kiwo, galibi mace ce a cikin gida, sai ta koma sayen dusa da tsada, ko ta karyar da ragon kafin layya.

Roƙona ga ƙungiyoyin manoma da jami'an kiwo: idan za a raba ruwa a shekarar ƙaranci, a ware wani yanki don harawa, a ba shi ranarsa ta sha. Ku kuma ku gayyato masu kiwo cikin shirin, mu faɗi namu da bakinmu.

Naku,
Wani mai kiwon tumaki daga Tibiri